Wai kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kawo cutar mantuwa ko wancan amyloid ɗin?

Yar_Zazzau:
Salam yan uwa. Kakata ce abun nata ya fara damunmu wallahi, jiya sau uku tana sallar la'asar tana cewa bata yi ba, carbinta kuwa a cikin firji muka tsinto shi. Likita yace alamun cutar mantuwa ce, wato Alzheimer. Na shiga intanet wasu sunce wani furotin ne wai amyloid ke taruwa a ƙwaƙwalwa wasu sunce kumburi ne, to wanne ne? In kumburi ne ba sai mu dinga bata ibuprofen ba?

Ɗalibin_Likitanci:
Wa alaikis salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ai biyun tare suke tafiya. Amyloid ɗin dunƙulewa yake tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, irin dunƙulen da Alois Alzheimer, likitan da aka sa wa cutar sunansa, ya gani tun 1906 a ƙwaƙwalwar wata mata a Jamus. To akwai wasu ƙwayoyi ana ce musu microglia, su ne yan shara kuma yan sintirin wajen, suna zuwa su cinye dattin amma in aka ɗau shekaru ana fama abun bai ƙare ba sai su dinga fesa sinadaran kumburi har su lalata mahaɗar jijiyoyin da lafiyarsu ƙalau, garin neman gira a rasa ido kenan. A 2013 aka gano masu wani canji a ƙwayar gado TREM2, wadda microglia ke aiki da ita, haɗarin kamuwarsu ya kai kusan ninki 3. Kuma akwai tsofaffi da yawa da amyloid fal kansu amma hankalinsu garau, ni shi yasa nake ganin amyloid kaɗai bai isa ba.

Maman_Abba:
Ni nas ce, don girman Allah ƙanwata kar ku bata ibuprofen haka kawai. An gwada danginsa irin naproxen a Amurka bai hana cutar ba, kuma tsohuwa ki jawo mata olsa ko ciwon ƙoda.

Sadauki:
Akwai wani magani lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023, ta jijiya ake sawa duk sati 2 yana kwashe amyloid, amma rage gudun cutar kawai yayi da kashi 27 cikin 100 a wata 18 kuma sai waɗanda cutar take farko-farko. Abun mamaki shi kansa yana iya kumbura ƙwaƙwalwa, dole a dinga ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI.

Yar_Zazzau:
Na gode sosai, Anti na ajiye ibuprofen ɗin. Ranar Litinin zamu koma asibiti insha Allah.