Allon da ake zana kayan aiki a kai: me za mu kira shi?

Jama'a, ga wata kalma da na kwana uku ina juyawa a raina. Masu ƙaramin shagon sarrafa ƙarfe a gida suna kafa wani allo a bango, su buga ƙusoshi, su rataya sifana da filaya da guduma da magagari, sannan su zagaye siffar kowanne da fenti. Ka ɗauke sifana lamba 13, zanenta na nan yana kallonka har sai ka mayar. Bature yana ce masa "shadow board". Mu fa?

Ba neman ado nake ba. Ranar Asabar ƙanina ya bar makullin bakin injin sassaƙa ƙarfe, wato ƙarfen da ake matse bakin da shi, a maƙale, ya kunna injin. Makullin ya yi tsalle ya daki kwanon rufi. Allah ya tsare, da fuskarsa ya samu da yanzu wani zance ake. Da akwai wurin da ido zai faɗa ya ga babu makullin kafin hannu ya kai ga makunni, da hakan bai faru ba. Na zo in ce masa "Auta, daga yau duba kaza kafin ka kunna", sai na rasa sunan kazan.

Na farko da aka kawo mini shi ne "allon inuwa". Ban karɓa ba. Inuwa a wurinmu wurin hutawa ce, gindin bishiya ko rumfa. Ka ce wa yaro ya je allon inuwa, zai nemi abin da ke tare rana.

Wani ya ce "maratayi". Gaskiya ne ana rataya, amma ƙusa ɗaya a bango ma maratayi ce, ragayar da iyayenmu mata ke ɗora ƙwarya ma haka. "Ma'ajiya" kuwa ɓoye kaya take yi, shi kuma wannan allo aikinsa tona asirin abin da babu.

"Allon sawu" ya ɗan tsayar da ni, don zanen ya yi kama da sawun da ƙafa ke bari a ƙasa. Sai dai sawu na wanda ya wuce ne, ba a sa ran ya dawo ya taka daidai inda ya taka.

Wani dattijon maƙeri a unguwarmu ne ya warware mini. Na kwatanta masa, ya ce, "Ai, ɗana, gurbi kake nufi." Shi awartakinsa da masabarsa kowanne da inda yake kwanciya kusa da uwar maƙera, ko a duhu zai miƙa hannu ya ɗauko. Ku duba yadda kalmar ta zauna. Gurbi wuri ne da aka yi domin abu guda, kamar gurbin da kaza ke ƙwai. Muna cewa a cike gurbi, wane ya maye gurbin wane, wato kalmar da kanta tana ɗauke da ma'anar rashi da jiran mai wurin. Har karin magana muna da ita: gurbin ido ba ido ba ne. Zanen sifana ba zai kwance maka noti ba, amma zai gaya maka ba ta dawo ba.

Kuma kalmar tana miƙewa. Masu gyaran jirgin sama suna yanka soso mai launi biyu a cikin durowa, kowane ƙarfe da raminsa, don kada a manta da ɗaya a cikin inji. Wannan sai mu ce durowar gurbi. Nan ne ya dace da maikiromita, abin da ke auna kashi 1 cikin 100 na milimita, wanda ƙurar hunturu da tsatsar damina ba za su bar shi lafiya a bango ba. A masana'antun Japan, irin su Toyota, tsarin 5S, wato matakai biyar na kimtsa wurin aiki, yana da mataki na biyu da suke kira "seiton", kowane abu da mazauninsa. Mu "gurbi" ta ishe mu.

Ni dai na tsaya a kan allon gurbi, jam'i allunan gurbi. 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, in kuna da wani suna da kuka saba ji a garejinku ku faɗa mana. Jiya na zana na makullin da jan fenti, daidai saitin makunnin injin.