Ta yaya zan gwada sulen zinari na Ahidjo ba tare da na karce shi ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina tara tsofaffin sulalla a nan Garwa. Wani dillali ya kawo mini na sefa 1000 mai hoton Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, cikin na zinari da Kamaru ta buga a 1970 don cika shekara goma da 'yancin kai. Maganaɗisu bai kama shi ba, amma ai tagulla ma ba ya kama ta, don haka hankalina bai kwanta ba.

Maƙerin zinari ya ce sai ya goga shi a dutse ya ɗiga ruwan gwaji. Na ƙi, domin karce ɗaya yana karya darajarsa wajen masu tarawa. Dillali kuma yana ta matsa mini.

Don Allah wa ya san ainihin nauyinsa da faɗinsa? Ko akwai mai na'urar gwaji a Garwa ko Marwa?