Idan sauti na tsinkewa ana cikin ɗauka

Masu ƙananan situdiyo a Yamai sun zauna kan matsalar da ke ɓata musu aiki: ana ɗaukar murya a 96 kHz (wato ana auna sautin sau dubu 96 a kowane sakan), sai a ji ƙas-ƙas, ko wata gaɓa ta ɓace. Dalilin shi ne bafa, wato 'yar ma'ajiyar da sauti ke taruwa a ciki na ɗan lokaci, ta cika kafin kwamfuta ta kwashe abin da ke ciki, sai ragowar ya zube.

Shawarar da kowa ya yarda da ita: a ƙara girman bafa daga awon sauti 128 zuwa 512 ko 1024. Babbar bafa na kawo jinkiri, amma a 96 kHz, 1024 jinkirin kusan milisakan 11 ne kawai, kuma mawaƙi zai iya sauraron kansa kai tsaye daga akwatin sauti, wato na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta. Masu Windows su sa direban ASIO na kamfanin akwatin (direba manhaja ce da ke sa kwamfuta ta yi aiki da wata na'ura), su kashe Wi-Fi, su soka kebul ɗin USB a jikin kwamfutar, ba ta mahaɗar USB mai ramuka da yawa ba. Manhajar LatencyMon na nuna direban da ke riƙe injin.

Wani dattijo ya kawo batun zafi, kuma ina ganin ya fi kowa gaskiya. A watan Afrilu, ɗaki rufe, an kashe fanka saboda ƙara, kwamfuta kan rage gudu da kanta. A busa ƙurar da ta toshe ramukan iskarta, a ɗaga ta daga tebur. Don aikin rediyo kuwa, 48 kHz ta wadatar.