Neman kalmar Hausa: juri

Hadiza, Ringim: Salamu alaikum malamai. Gobe da hantsi zan ɗauki shirin rediyo kan gyaran da ake yi wa tsarin juri a shari'ar manyan laifuka, wato mutanen gari da kotu ke kira su saurari shari'a su ce an aikata laifi ko ba a aikata ba. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2020 cewa ba a kama mutum da babban laifi sai bakin mutanen nan duka ya zo ɗaya. Ingila kuwa tun 1967 ta amince da rinjayen mutum goma cikin sha biyu. Manoma ne ke saurarona. Me zan kira mutanen nan?

Malam Sabo, Gumel: Masu taimaka wa alƙali. Haka muke ji a labaran duniya.

Nura, Kazaure: Allah gafarta Malam, wannan na ɓatar da mai sauraro. Su ke cewa ya aikata ko bai aikata ba, alƙali ya yanke horo. In suka wanke mutum, alƙali bai isa ya juya ba.

Malam Sabo: To muhutai.

Nura: Muhuti malami ne. Waɗannan a Ingila daga rajistar masu zaɓe ake tsamo sunansu, ko tela ko direba.

Baba Garba, Dambatta: Alƙalan gayya! An kira ka, ka bar gonarka, kun haɗu kun yi aikin jama'a, kowa ya koma gida. Me ya rage?

Hadiza: Baba, ina tsoron a ji kamar da gayya suke hukunci. Me zai hana in ce juri, in yi bayani?

Baba Garba: Nan ne ciwonku 'yan boko. Bature ya yi tari sai ku rubuta. Hausa ba ta talauce ba.

Nura: Baba, kotu da lauya fa? Alƙali ma daga Larabci muka samo.

Baba Garba: Larabci daban, yaro. Kuma ku a Jigawa har yaushe za ku gyara wa Bakano Hausa?

Malam Sabo: Haba Alhaji, kafin 1991 jiha ɗaya muke. Yarinyar nan aiki ke jiranta. Alƙalan jama'a fa?

Nura: Har yanzu akwai alƙali a ciki, amma ya fi.

Hadiza: Na gode. Zan buɗe da "juri, wato alƙalan jama'a", in ci gaba da na biyun. Saura kalmar rinjayen goma cikin sha biyu.

Baba Garba: Ki yi na gobe da shi, 'yata. Amma ki karanta nawa a iska, ki bari masu kira su zaɓa.