La'adar PayPal: a biya ko a zagaye?

Ɗan Auta:
Salamu alaikum manyan zaure,
Ga wani ƙulli ku taya ni kwancewa.
Mutum ya sa kayansa a intanet,
An taya, an daidaita, an kai ga sallamawa.
PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, na da ƙofa biyu,
Ta ciniki da ta dangi, wajen turawa.
Mai kaya ya ce a bi ta dangi,
Don can ba la'adar da ake yankewa.
Wayo ne wannan ko ko ha'inci?
Iyayena ku ba ni amsa mai gamsarwa.

Hajiya Mai Lissafi:
Ɗana Auta, bari mu ƙirga tukun,
Ba a hukunci kafin aunawa.
Ƙofar ciniki, a ƙa'idar Amurka,
Kusan 3 cikin 100 ake cirewa.
Daga rabon mai sayarwa take fita,
Shi ya sa shi ke neman kaucewa.
Me la'adar ta saya? Kwana 180
Na kai ƙara, mai saye ke morewa,
In kaya bai zo ba; in kuwa ya zo
Ya saɓa wa siffar talla, kwana 30 ne daga isowa.
In an buɗe ƙara, kwana 20 ne
A miƙa ta ga PayPal ya yi hukunci, in ba haka ba tana rufewa.
Ƙofar dangi ba ta da ko ɗaya,
Kuɗi in sun tafi, sai addu'ar dawowa.

Malam Dillali:
Hajiya, ki dubi mai kaya ma,
Ba kowane mai saye ne na Allah ba.
Wani ya karɓa ya ce bai gani ba,
A ƙwace kuɗi, kayan ba su dawo ba.
Ko ka mai da kuɗi don kanka,
La'adar da aka yanka ba za a maido ba.
Manya biyu sun yarda da juna,
Ni ban ga wanda aka zalunta ba.

Alaramma:
Malam Dillali, ranka ya daɗe,
Akwai na uku da ba ka ambata ba.
Ran buɗe asusu ka danna "na yarda",
Alkawari kaya ne, ba a sauke shi a hanya ba.
Sharaɗin ya hana karɓar kuɗin haja
Ta ƙofar da ba ta ciniki ba.
Baƙon da ba ka taɓa gani ba,
Ka rubuta shi ɗan'uwa, ai ba gaskiya ba.
PayPal na iya taƙaita asusun mai yi,
Kuma tun 2022 asusun kasuwanci a Amurka
Bai ƙara karɓar kuɗin dangi ba.
Kukanka kan kamfani na ji shi,
Wanda ya ci ladan kuturu
Ba zai tsere wa yi masa aski ba.
Amma yardar mai saye ba yarda ba ce
In bai san kariyar da ya rasa ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Ga maganin tsoronka, Malam:
Adireshin da ke kan rasit, can ake aikawa.
Riƙe lambar bibiyar kaya,
Ita ce shaidarka ranar tuhumawa.
Ciniki in ya kai dala 750,
Sai da sa hannun mai karɓa wajen miƙawa.
La'ada kuwa zuba ta cikin farashi
Tun farko, kar ta zama ƙarin ƙarshe na cajewa.
Kana son 100 cif a hannunka?
Da 0.97 za ka yi rabawa.
103.09 ke nan, ba 103 ba,
Don har ƙarin ma ana gutsurewa.
Mai saye kuma, in da kati ya bi ta dangi,
Shi ma kusan 3 ɗin zai yi biyawa,
Ya biya kuɗi, ya rasa inuwa,
Wannan araha ba ta adon sawa.

Malam Dillali:
Na karɓi 0.97, Hajiya,
Lissafinki ban iya tankwara shi ba.
In gari ɗaya ne, a haɗu a duba kaya,
Hannu da hannu, ba a ci haƙƙin kowa ba.
Sai dai la'adar da ake riƙewa bayan an fasa,
Alaramma, ita ba ka wanke ta ba.