Sitiroberina na ƙanƙancewa, ina neman shawara

Assalamu alaikum manoma 'yan'uwa. Daga wani ƙauye kusa da Kazaure nake. Na samo dashen sitiroberi daga Jos, inda sanyi ke karɓarsa, na dasa a buhuna a bayan gida. Da hunturu yana fure, ya yi 'ya'ya masu zaƙi.

Tun daga nan ban ƙara sayen dashe ba. In uwar ta miƙa yaɗo, sai in danne gaɓar a ƙasa har ta yi saiwa, sannan in yanke ta in mayar wani buhu. Haka nake sabunta su kowace shekara.

To, yanzu 'ya'yan sun koma ƙanana, ganyen na murɗewa yana komawa ruwan ɗorawa. Zafin Afrilu kuwa yana cinye fiye da rabi, ko da a ƙarƙashin rumfa. Waɗanda suka tsira, damina ta ruɓar da saiwarsu.

Shin irin ne ya gaji, ko cuta ce nake gadar wa sababbin daga uwar? Wane wata ya fi dacewa a danne yaɗon a nan yankinmu? In kuma babu makawa sai na sake sayo sabon dashe, ku gaya mini gaskiya. Allah Ya saka da alheri.