Takardar Auta ta ƙare a Ingila: ta taho gida ko ta dakata?

Kawu (Ƙofar Marusa): Assalamu alaikum. Yanzu na baro wajen Inna, jiki da sauƙi amma hannun nan na hagu har yau bai ɗaguwa. Ina son mu yi magana a nan kowa na ji. An ce mani takardar zaman Auta a Ingila ta ƙare kusan wata biyu ke nan, sabuwa kuma ba ta fito ba. To ni abin da na sani shi ne, ranar da takarda ta ƙare, zama ya ƙare. Wanda ya ƙara kwana ɗaya bayan nan ya zama mai laifi, ko mi lauya ya gaya mashi. Ta haɗa kayanta ta taho da mutuncinta tun kafin a taso ƙeyarta. Ga uwa kwance, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Gwaggo: Maganar da nike ta yi ke nan tun satin da ya wuce.

Yaya Babba: Kawu ina wuni. Ni ma hankalina a tashe yake. Akwai hoton katin da Auta ta aiko tun shekarar da ta tafi, Inna ta sa aka wanke mata shi, yana cikin ledar da take aje takardun asibiti ƙarƙashin filo. Jiya na ɗauko na duba, 31-12-2024 aka rubuta. Ashe ma ba wata biyu ba ne.

Auta: Wa alaikumus salam. Kawu, Gwaggo, ina wuninku. Yaya, wannan katin na kowa haka aka rubuta mashi, don daga ranar aka daina amfani da kati, komai ya koma intanet. Izinin zamana wata 33 ne, kuma saura kwana ashirin ya cika muka shigar da neman ƙari. An ɗauki hoton yatsuna, mun biya komai. Hukumar shige da fice ta ce sati takwas take ba da amsa, yanzu muna cikin sati na sha ɗaya. Wallahi kullum da asuba kafin in tada Ummi sai na buɗe saƙonni na duba.

Kawu (Ƙofar Marusa): Auta, ni ba jiyau ba ne. Shekara sha ɗaya na yi a Jidda. Igama, wato takardar zaman can, in ta mutu ba a sabunta ba, tarar farko riyal 500, ta biyu 1,000, ta uku jirgi. Na je Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a koro gida, da ƙafata na kai ma wani ɗan unguwarmu kaya, dattijo mai jikoki, yana zaune a ƙasa da silifas wari ɗaya. Shi ma cewa yake kafilinsa ya shigar da takardu, ana jiran amsa. Askar bai tambayar wa ya shigar da mi. Kwanan wata kawai yake dubawa. Ban son in ga ɗiyar ƙanwata a irin wannan hali.

Yaya Malam: Kawu, Allah Shi ƙara girma. Abin da ka gani a Jidda gaskiya ne, kuma duk wanda ya gan shi dole ya ji tsoro. Amma dokar can daban, ta Ingila daban, kuma a wannan gaɓar sun yi hannun riga.

A Dokar Shige da Fice ta Birtaniya ta 1971 akwai sashen da ake kira 3C. An yi shi ne takanas saboda irin halin da Auta take ciki. Abin da ya ce a taƙaice: in mutum ya shigar da neman ƙarin zama kafin izininsa ya ƙare, sai izinin ya ƙare ba a ba shi amsa ba, to tsohon izinin na ci gaba da aiki da duk sharuɗɗansa har ranar da aka yanke hukunci. In an yarda mashi ya yi aiki a da, yanzu ma an yarda. In yana zuwa asibiti, zai ci gaba da zuwa. Ko an hana shi, muddin yana da damar ɗaukaka ƙara kuma ya ɗaukaka a kan lokaci, izinin bai faɗuwa sai an gama. Ba alfarma ba ce wani jami'i ke yi, doka ce a rubuce. Ni kaina na zauna a ƙarƙashinta lokacin da karatuna ya zarce aka nema mani ƙari.

Inda gizo ke saƙar shi ne nan, kuma don Allah a saurara da kyau. Wannan kariyar tana aiki ne muddin mutum na cikin ƙasar. Ranar da Auta ta hau jirgin Abuja ko na Kano kafin amsa ta fito, za a ɗauka ta janye neman da ta yi, izinin nan na 3C kuma ya faɗi. Fasfonta na hannunta, don yanzu hotonsa kawai suke ɗauka su mayar ma mutum, ba wanda zai tsare ta a filin jirgi wajen fita. Komawar ce ba ta da takardar yi. Wato abin da Kawu ke ganin shi ne tsira, shi ne abin da zai mayar da ita marar takarda.

Gwaggo: To in ta taho ba sai ta sake nema daga nan ba? Da farko ai daga nan ta nema aka ba ta.

Yaya Malam: Gwaggo, za ta iya, amma sabon nema ne daga tushe. Lokacin da ta tafi, abin da ake buƙata maigidanta ya riƙa samu a shekara fam 18,600 ne. Daga 11 ga Afrilu 2024 aka mayar da shi fam 29,000. Waɗanda suka shiga layi kafin ranar an bar su a kan tsohon ma'auni in sun zo sabuntawa, kuma Auta na cikinsu. In ta fita izininta ya faɗi, sabon ma'aunin ne zai hau kanta. Ga gwajin tarin fuka a sake, ga kuɗin nema, ga kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara, a biya na shekara uku a dunƙule. Sannan shekara biyar ɗin da ake ƙirga ma matar aure kafin ta samu zaman dindindin, ta ci fiye da rabi, lissafin zai katse.

Auta: Kuma albashin Abban Ummi shi kaɗai bai kai 29,000 ba. Gaskiyar ke nan, ban ɓoye maku. In ina nan ana haɗa nawa da nashi, in ina gida nashi kaɗai za a duba. Na wannan karon kuɗin lafiya kawai fam 2,587 da rabi muka biya, sai da muka yi wata shida muna tarawa.

Baffa (Daura): Ikon Allah. Mu nan uwargidana daga Matamaye aka kawo ta, shekara talatin da wani abu, ta Kongolam muke shiga mu fita, biki ko rasuwa ba ta taɓa rasa ba. Aure ya zama sai an auna albashi.

Yaya Babba: Baffa kar mu bar jaki mu bugi taiki. Malam, na ji bayaninka, amma ga tambaya. In har zamanta halas ne kamar yadda ka ce, mi ya sa wajen aikinta suka dakatar da ita? Ita ta gaya mani da bakinta tana kuka.

Kawu (Ƙofar Marusa): Yauwa. Su da ke ƙasar ba su san dokar ba sai mu da ke Katsina?

Auta: Haka aka yi. Gidan kula da tsofaffi ne nike aiki. Washegarin ranar da izinin ya cika, shugabar ta kira ni ofis ta ce ta cire sunana daga jadawalin sati har sai na kawo shaida. Na nuna mata saƙon da ke nuna ranar da na shigar da nema, ta ce ita wannan bai ishe ta ba. Rigar aikina na ninke a jaka na fito, a tashar bas na zauna na yi kukana. Kwana goma sha biyu na yi a gida.

Yaya Malam: Tsoro ne ya sa ta, kuma tsoron na da dalili. Tun Fabrairun 2024 wanda aka kama ya ɗauki marar izini aiki ana iya cin tararsa har fam 45,000 a kan mutum ɗaya, in ya maimaita fam 60,000. Shi ya sa da sun ga kwanan wata ya wuce sai jikinsu ya ɗauki rawa. Amma akwai hanyar da aka tanadar masu: mai ba da aiki ya tura tambaya kai-tsaye ga hukuma, a ba shi takardar tabbaci cewa wance na da nema a gabanmu kuma tana da izinin aiki. Takardar na kare shi wata shida. Auta, an yi wannan?

Auta: An yi Yaya, bayan Abban Ummi ya je da kansa ya yi masu bayani. Takardar ta zo, na koma aiki ranar Litinin. Yaya Babba, ban gaya maki ba ne don ranar aka mayar da Inna asibiti.

Yaya Malam: To Kawu ga shaida nan. Hukumar da ba ta ba ta amsa ba, ita ce ta rubuta da hannunta cewa tana da izinin aiki. Ba a rubuta ma mai laifi haka.

Gwaggo: Ni duk wannan lissafin fam ɗin bai shiga kaina. Abin da na sani, an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wa ya fi cancanta da kyautatawa, ya ce mahaifiyarka, har sau uku. Takarda in ta ɓaci ana sake wata. Uwa fa? Shekara uku rabonta da ganin ɗiyarta, jikar da aka sa ma sunanta ba ta taɓa ɗaukarta ba. Ran nan da dare ina gyara mata zane ta riƙe hannuna ta kira ni da sunan Auta. In wani abu ya faru, Allah Shi kiyaye, wace doka ce za ta share ma yarinyar nan hawaye?

Yaya Malam: Gwaggo, wannan ba ni da amsarta, kuma ban ce ki daina faɗa ba. Uwata ce ni ma. Abin da kawai nike so shi ne in Auta za ta taho, ta taho ta san abin da ta ajiye a baya, ba don an tsorata ta da cewa ita mai laifi ce ba. In ta zaɓi Inna a kan takarda da idonta biyu, ni zan je Kano in ɗauko ta. Amma a sani tafiyar na iya raba ta da ɗakinta wata da watanni, ko fiye, ga Ummi ko yaye ba a yi ba.

Yaya Babba: Ni zan faɗi tawa ko da ba za ta yi daɗi ba. Ni ke kwana da Inna, ni ke juya ta, ni ke kai ta gashi sau uku a sati. Na gaji, kuma akwai daren da na ji haushin Auta har cikin raina. Amma in ta taho auren ya shiga rikici, ɗakin Inna za ta dawo ta zauna da goyo, kuma kun san Inna, wannan baƙin cikin sai ya fi ciwon ci mata rai. Kuɗin maganin da ake saye duk wata kuma daga wannan aikin da ake magana yake fitowa. A sa wannan ma a sikeli.

Auta: Yaya ki yafe mani. Wallahi ba dare ɗaya da nike barci cikakke.

Kawu (Ƙofar Marusa): To shi ke nan sai ta zauna tana kallon waya har illa ma sha Allahu? Ba wanda ake iya yi ma magana?

Yaya Malam: Akwai. Tunda an wuce sati takwas, tana iya rubuta masu ta nemi a hanzarta saboda larura, ta haɗa da takardar likita mai nuna halin da Inna ke ciki. Sannan ta je wajen ɗan majalisar mazaɓarsu ta Manchesta. A can ofishin ɗan majalisa na rubuta ma hukuma a kan irin wannan jinkirin, kuma ba a biyan ko kwabo. In za su nemi shawara, su je wajen lauya ko mai ba da shawara mai rajista, ban da 'yan "na san wani a ciki". Abu biyu ne kar ta yi: kar ta fita ƙasar, ko Umara ce, kuma kar ta janye neman da nufin sake shigar da wani.

Baffa (Daura): Wa ya tambayi ita Inna ra'ayinta? Muna ta yanke hukunci a kan mai rai da hankalinta.

Yaya Babba: Na tambaye ta yanzu Baffa, na karanta mata duk abin da aka rubuta. Maganar na fita da ƙyar amma ga abin da ta ce: a gaya ma Auta ta zauna ɗakinta, ta yafe mata duniya da lahira, in takarda ta fito ta kawo mata takwararta ta gani. Sai ta juya fuska bango. Ban san ko kuka take ba, ban leƙa ba.

Gwaggo: Haka za ta ce mana, uwa ce. Ni dai ban canza ba.

Kawu (Ƙofar Marusa): Malam, maganar doka na sallama maka, tunda ga takarda an ba wajen aikinta. Zuciyata dai ba ta kwanta ba, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya tsorata. Gobe da safe zan je wajen likitan da kaina in karɓo takardar, a rubuta ta da Turanci a buga hatimi. Auta, da sunan wa za a rubuta, kuma wace lamba za a sa a kai?

Auta: Na gode Kawu, Allah Shi saka da alheri. Zan tura maka lambar neman ta waya kai kaɗai. Yaya Babba, in kin ba Inna maganin dare ki kira ni da bidiyo, zan hana Ummi barci har lokacin.